Yadda Ake Cinye Hanyar Jama'a Taƙi-Taƙi Ba Tare da An Ga Maiƙo a Bakinka Ba

Matso kusa, ɗan nan, ka gyara zama. An ce min ka kama shago a bakin hanya, kuma tun ba ka gama share shi ba idonka ya faɗa kan 'yar ƙasar nan da ke gaban ƙofa. Kada ka ji kunya, kowa da haka ya fara. In ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawari, babu wataƙila a ciki: kafin shekara goma ka cinye rabin hanyar jama'a, ka goge bakinka tas, kuma duk ranar da aka taru ana kukan hanya ta matse, kai za a ba kujerar gaba.

Ba a littafi na karanta ba. A wurin gwani na gani, ta tagar ɗakina da ke sama, shekara talatin ina leƙe ina tsintar darasi. Gwanin nan kafinta ne. Shagonsa na can ƙuryar lungunmu, lungu mai baki ɗaya, ta inda ka shiga ta nan za ka fito. Ranar da ya tare, babbar motar yashi ta shigo har ƙofarsa, ta juye kayanta, ta fita da baya ba ta gogi kowa ba. Bayan shekara talatin kuwa in mutum biyu suka haɗu a tsakiya, sai an yi shawarar wanda zai riƙe numfashi.

Sai dai in gaya maka tun yanzu, gwanin ya yi tuntuɓe a ƙarshe, kuma 'yarsa ce sanadi. Auta ake ce mata, ma'aikaciyar asibiti ce, shekararta uku da aure. Tun tana 'yar firamare ya yi mata alkawarin kwabar kaya mai ƙofa uku, wadda zai haɗa da hannunsa ba ƙusa ko ɗaya. Ya yi wa rabin gari gadaje da kujeru, ita kuwa kayanta na nan cikin kwalaye da jakunkuna a gidan miji. Duk sanda mijin ya ce bari ya sayo ta kanti, sai ta ce, "Babana zai yi min." Shekara uku tana faɗa, yana jinjina kai. Ranar da ɓera ya buɗe wa rigar aikinta taga a baya, haƙurin bawan Allah ya ƙare. Ya ce to, Asabar ta ƙarshen wata, in ta Baba ba ta iso ba, ta kanti za ta shigo.

Riƙe wannan a ranka, mu je.

1. Kada ka zama na farko

Na farko shi ake tunawa. Ka danne zuciyarka har wani ya riga ka fitowa, ko da ƙafar kujera ce.

A lungunmu Tela ne ya fara, shi ma ba da mugunta ba. Ido ne ya soma yi masa gardama, sai ya jawo kekensa bakin ƙofa don ya riƙa ganin kafar allura. Kafinta ya zo wucewa, ya tsaya, ya harɗe hannu a baya.

"Sannu da aiki, Tela. Haske ake sha?"

"Wallahi ɗakin ne duhu, Gwani. Sai in zura zare sau bakwai bai shiga ba."

"Ai lafiyar ido ta fi komai," in ji Kafinta, ya wuce yana murmushi.

Washegari katako uku suka wayi gari a waje, jingine da bangonsa. Da matarsa, Maman Auta, ta tambayi dalili, ko ɗago kai bai yi ba. "Tela ma ya fito da kekensa. Wa ya ce masa kanzil?"

Ka haddace wannan magana, "wane ma ya yi." Ta fi katanga tsare mutum, kuma ba ta buƙatar yaɓe.

2. Taƙi ɗaya, kada ka ƙara

Buɗe hannunka. Daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, shi ne taƙi. Rabonka na shekara ke nan. Mai haɗama shi ke cin taku uku rana ɗaya, kafin la'asar an taru a kansa. Taƙi kuwa ido ba ya kama shi. Mai wucewa zai ji kamar kafaɗarsa ta gogi wani abu, sai ya zaci shi ne ya yi ƙiba.

Kuma kowane taƙi ka nemo masa uwa. Katakon Kafinta ruwa ya dake su, dole a yi musu rumfa. Rumfa ba ta tsayuwa a iska, dole a kafa mata turaku. Tunda ga inuwa ta samu, ai asara ce a bar teburin aiki a ciki cikin zafi. Tebur ya fito, garin katako ya biyo shi, dole a ajiye buhun tara shi. Buhu ya ɗan leƙa rana, dole rumfa ta miƙa wuya ta rufe shi. Ka ga? Babu inda ya yi ƙarya. Kowane taƙi da hujjarsa ya zo, kamar baƙo da tsaraba.

Sunan abin kuma "na wucin gadi." Kada ka yarda ya sauya suna. Rumfar wucin gadin Kafinta ta ga ranar da aka yaye Auta, ta ga ranar da ta gama makaranta, kuma ban taɓa jin an ce gadin ya wuce ba sai ranar da zan ba ka labarinta.

3. Ka ɗanɗana wa kowa

Wanda bakinsa ke cike ba ya ihu. In kai kaɗai ka ci, ɓarawo ne kai. In kowa ya ci, sai a ce haka gari yake.

Wata safiya Kafinta ya leƙa shagon Mai Aski, wanda ke kallon nasa ƙofa da ƙofa, ya tarar da mutum huɗu a tsaye suna jira.

"Kai, Sarkin Almakashi, haka ake yi? Mutum ya kawo maka kansa da kansa, ka bar shi a tsaye kamar mai jiran hukunci?"

"To ina zan sa su, Gwani? A aljihu?"

"Benci. Ɗan siriri, nan waje. Ina da ragowar katako, ba sai ka ce komai ba."

Benci ya fito. Shekara ta zagayo aka yi masa majingina, saboda bayan dattawa. Wata shekarar aka yi masa ƙane. Tela ya samu rumfa da wurin rataye riguna. Gwaggo Mai Sabulu, wadda ke kusa da bakin lungu, da faranti ɗaya take talla a kan cinya. Kafinta ya dube ta ya ce, "Gwaggo, wannan zama ba na babba ba ne." Ya yi mata tebur mai hawa uku, ya kafe ƙafafunsa a ƙasa don kada iska ta ɗauka.

Kowa ya yi ta sa masa albarka. Kuma ka sani, da zuciya ɗaya ya yi, shi ya sa abin ya kama. Mugu ba ya iya cinye hanya, ana ganinsa tun daga nesa. Sai mutumin kirki mai ragowar katako.

4. Ka fi kowa kuka

Wannan shi ne gishirin abin. Da zarar ka ji mutane sun fara tsaki in sun zo wucewa, yi maza ka riga su.

"Wai ina hukuma ne?" Haka Kafinta ke buɗe safiyarsa, zarto a hannu. "Dubi lungun nan! Da can mota ke shiga. An bar mu kamar ba 'yan ƙasa ba. Babu tsari, babu mai dubawa, kowa abin da ya ga dama yake yi!"

In wani mai ƙarambani ya ce, "To Gwani, ko mu da kanmu za mu ɗan ja baya?" sai ya yi dariyar manya. "Ɗan nan, mutum ɗaya me zai gyara? Matsalar daga sama take. Ni in na janye taƙina, teku ce aka ɗebi cokali."

Saboda ƙarfin muryarsa aka naɗa shi shugaban Ƙungiyar Ceto Lungu. Zaman farko a tsakiyar hanya aka yi shi, a kan bencinan Mai Aski. Wani mai keke ya tsaya da kekensa a kafaɗa har aka tashi, shi ma ya ba da shawara biyu. Aka rubuta wa hukuma takarda mai zafi. Aka kuma yanke cewa a kafa allo a rubuta "KADA A TARE HANYA." Kafinta ne ya yi allon, kyauta, mai ƙafa biyu masu kauri. Ya ci taƙi ɗaya da rabi.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ba su faɗa ba shi ne, in ka iya takawa, daga can sama murya ta fi kaiwa nesa.

5. Ka koya wa jama'a tafiyar kaguwa

Mutum ɗan sabo ne. Ba shi shekara biyu, zai koyi shiga a karkace, ya rufe lema, ya ɗora kaya a ka, ya ce "gafara" sau tara kafin ya kai gida. Ba shi biyar, zai rantse haka aka halicci lungun.

Kai kuma ka nemo wa abin suna mai daɗi. Da rumfunan dama da na hagu suka miƙo har suka haɗe baki a sama, rana ta daina sauka, Kafinta cewa ya yi, "Kun ga, yanzu ko ruwa ake ba mai jiƙewa. A wace unguwa ake samun haka?" Gogayyar kafaɗa kuwa ya ce zumunci ne.

6. Ka auna komai, ban da hanya

To, ga wa'adin Asabar ya zo kunnen Kafinta, ta bakin Maman Auta, da ɗan ƙarin barkono. Ranar bai ci abincin kirki ba. Ba ta kantin ce ta ƙona masa rai ba, a'a. Tunanin 'yarsa ne tana tsaye gaban miji shekara uku tana kare shi da baki, shi kuwa yana nan yana yi wa wasu kujerun zaman gulma.

Ya sallami duk wani aiki. Ya fito da katakon da ya ɓoye tun shekarun baya, masu nauyi, masu ƙamshi. Ya ɗauki tef ɗin awo ya tafi gidan Auta. Ya auna bangon ɗaki. Ya auna ƙofar ɗaki, ya auna ta falo. Ya auna matakala hawa-hawa har da inda take lanƙwasa. Ya je ya auna bayan motar da za ta ɗauka. Kafinta mutum ne da ko cokali zai sassaƙa sai ya auna sau biyu.

Sati uku yana aiki. Kowace gaɓa ya fafe ta ya zura cikin 'yar'uwarta, ya sa gam, ya matse, yadda ko jikokin jikoki ba za su raba su ba. A sama, ta gaba, ya yi mata kambi: reshe mai ganye da 'yan furanni, ya sassaƙa su ɗaya-ɗaya, sun turo gaba kamar yatsa biyu. Kambin kaɗai ya ci masa kwana tara. Da ya shafe ta da mai, Mai Aski ya zo ya duba gemunsa a jikinta.

Ana jibi Asabar, Maman Auta ta kawo masa ruwa, ta tsaya ta dubi kwaba, ta juya ta dubi lungu, ta sake duban kwaba.

"Baban Auta, ka auna hanya kuwa?"

"Wace hanya?"

"Wadda za ta bi ta fita."

Ya yi dariya har da tari. "Hanyar da motar yashi ta shiga? Ke dai je ki duba tukunyarki."

Ka ga inda gwaninta ta kai. Ya yi shekara talatin yana cewa hanya ta matse, yana bi ta cikinta a karkace safe da yamma, amma can cikin kansa motar yashi na nan tana shiga tana fita. Matsin na jawabi ne, bai taɓa zaton zai shafi wani abu nasa ba. In ka kai wannan matsayi, ɗan nan, ka gama karatu.

7. Ranar da ta kwaɓe, ka nemo mai laifi

Asabar da hantsi mota ta tsaya a babban titi. Auta ta shigo da mijinta da direba, kowa a karkace. Da ta ga kwaba sai ta rufe baki da hannu biyu. Kafinta ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Mutum huɗu suka ɗaga: surukin, direba, Tela da Mai Aski. Suka juya ta ta gefe, ta inda ta fi siranta. Taku ɗaya, taku biyu, a na uku sai ƙum. Ta cije tsakanin turken rumfar Kafinta da bencin Mai Aski. Aka ja baya, aka karkata, aka sake gwadawa. Ƙum. Direba ya ce a ɗaga ta sama a bi ta kan kaya. Aka ɗaga kai, sai ga rumfuna sun rufe sama ruf.

A nan Kafinta ya nuna shi tsohon hannu ne. "Mai Aski! Janye wannan tarkacen naka! Tun yaushe nake cewa ana tare hanya?"

Mai Aski ya sauke nasa gefen a hankali, ya goge hannu a riga. "Tarkace? Wa ya yi tarkacen?"

"Taimako na yi maka!"

"Na gode. Tela, ba ni tef ɗinka."

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ranar kafinta ne bai so awo ba. Mai Aski ya durƙusa ya auna daga bangon kowa zuwa inda kayansa suka tsaya, yana faɗa da ƙarfi kamar mai shela. Nasa taƙi uku. Na Tela huɗu. Na Gwaggo biyar. Da ya zo kan rumfar Kafinta sai ya ce a riƙe masa bakin tef ɗin.

"Tara, Shugaba. Ban da buhu."

"Ni zan ja in Tela ya ja," in ji Mai Aski.

"Ni zan ja in Gwaggo ta ja," in ji Tela.

Daga can bakin lungu muryar Gwaggo ta taso: "Ni teburina a kafe yake! Ku tambayi wanda ya kafe shi!"

Direba ya dubi agogo ya ce shi fa yana da wani ɗauka da azahar. Surukin, yaro mai kunya, ya matso ya rage murya. "Baba, ko za a ɗan kwance ta, in mun je can ku mayar?"

"Ba ta kwantuwa."

"To ko... ko a ɗan sa zarto, a raba ta biyu..."

Bai ƙarasa ba. Kallon da Kafinta ya yi masa, da katako ne da ya tsage.

Har zuwa nan, ka lura, gwani bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya dage a haka, da yamma ta yi, kowa ya watse, laifi ya rabu gida huɗu ya bi iska. Haka ake so.

8. Kada ka juya ka dubi mai jiranka

Ga inda ya faɗi. Ka buɗe kunne, don kada ka maimaita.

Ana cikin hayaniya Auta na tsaye gefe, tafin hannunta a kan ƙofar tsakiya ta kwabar, tana shafawa a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce Baba ka ga abin da ka jawo ba. Ta juya wurin mijinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada uban ya ji.

"Ba komai. Kira mai kantin kawai. Kada a wahalar da Baba."

Ya ji. Kunnen kafinta da ke jin ƙusa ta karkace daga ɗaki na uku, ya za a yi bai ji ba? Shekara uku yarinyar nan na cewa Babana zai yi min, yau ga shi a gabansa ta ajiye maganar, kuma don ta rufa masa asiri ta ajiye. Sai ya juya ya shiga shago, ya fito da guduma da ƙarfen cire ƙusa.

Mai Aski ya faɗa kan bencinsa ya rungume. "Wallahi kada ka taɓa min benci!"

Ko kallonsa bai yi ba. Ya wuce wurin turken rumfarsa, ya zura ƙarfe, ya danna. Ƙusar ta yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Ya san inda kowace take, ai shi ya buga su. Kwanon rufi na farko ya sauko da ƙurar shekara talatin da sheƙar tsuntsu da wani takalmin roba ƙafa ɗaya, na Auta, da aka yi ta nema tun tana aji biyu. Rana ta faɗo ƙasa a wurin, fara tas, har kyanwar Tela ta firgita.

Maman Auta ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ta ɗaure zane ta fara kwasar katako tana kaiwa ciki.

Mai Aski ya yi ta kallo har kwano na huɗu. Sai ya miƙe ya yi tsaki. "To ni ba za a ce kafinta ya fi ni kunya ba. Direba, kama min nan." Tela kuwa, kada in yi masa ƙaryar kirki, ba zuciya ce ta motsa shi ba. Matarsa ce ta leƙo ta taga ta kira shi da sunan da ba ya so a ji a waje. Nan da nan keke ya koma ciki.

Gwaggo ce ta ja daga. Ta zauna a kan teburinta, ta harɗe ƙafa. Kafinta ya zo ya durƙusa a gabanta, gumi na zuba.

"Gwaggo, a taimaka."

"Da can da kake kafewa, ka nemi shawarata?"

"Kin sa min albarka ma."

"Albarka daban, shawara daban. Za ka yi min kanta a cikin shago, hawa huɗu?"

"Hawa huɗu."

"Da madubi?"

"Gwaggo, sabulu ne fa."

"Sabulu ba ya son ganin kansa?"

Aka shirya a kan madubi. Allon "KADA A TARE HANYA" shi ne ya fi ba da wuya, don da gaske aka kafa shi.

Kwaba ta taso, tana tafe a kafaɗun maza kamar jirgi, mata na leƙe ta tagogi, ni ma ina daga sama ina ba da umarnin da ba wanda ya nema.

9. In ka iso inda ba hannunka, ka tsaya ka yi ta zagi

Saura taku biyar a fita titi, sai ƙum.

A bakin lungun akwai turken lantarki a dama, da wani akwatin ƙarfe na lantarkin a hagu, ya fi mutum tsayi, an dasa shi cikin siminti. Ma'aikata ne suka kafa su shekarun baya. Da suka zo, ba su tambayi inda bakin hanya yake tun asali ba, inda suka tarar da shi nan suka haƙa. Yanzu da aka kwashe kaya, sai ga su tsaye tsakiyar fili su biyu. Ta bayansu akuya ce kawai za ta bi. Ta tsakaninsu kuwa jikin kwaba na shiga daidai, kambin ne ya hana. Yatsa biyu.

Ka ga dama ta samu! Wannan karon da gaske na hukuma ne. Ba shi ya kafa ba, ba ya iya cirewa, ba wanda zai ga laifinsa. Ƙwararre a nan sai ya hau kan dutse ya yi jawabin awa guda, kuma duk abin da zai faɗa gaskiya ne.

Kafinta ya buɗe baki. "Kun gani ko? Wai ina..." Sai ya tsaya. Ya dubi turken, ya dubi inda teburin Gwaggo ya bar sawu a ƙasa, daidai gindinsa. Ya rufe bakin.

"Takarda za mu sake rubutawa," ya ce a hankali. "Wannan karon mu kai da ƙafarmu. Maman Auta, miƙo min abin fere katako."

Aka kwantar da kwaba a kan tsummoki. Auta ta gane abin da zai yi, ta riƙe masa hannu. "Baba, a'a. Furannin ne fa."

"Riƙe min nan, kada ta motsa."

Ta riƙe. Ya ɗora ƙarfe a kan reshen da ya ci masa kwana tara, ya tura. Ganye na farko ya naɗe ya faɗi. Lungu ya yi tsit, ba ka jin komai sai shuu, shuu, da numfashinsa. Bai yi gaggawa ba, bai kuma tsaya ba. Da ya gama, wurin ya zama fari sumul, sai ɗan alamar reshe kamar zanen da ruwa ya wanke. Ya shafa da tafin hannu, ya hure.

"Ku ɗaga."

Ta wuce, ko gogawa ba ta yi ba.

Da aka ɗaure ta a bayan mota, surukin ya zo ya rusuna, yana ta murza hannu, yana neman abin faɗa. "Baba, ai wallahi... haka ma ta fi kyau."

Kafinta ya dube shi sama da ƙasa. "Ƙarya kake yi. Amma Allah ya yi maka albarka."

Auta ba ta shiga gaban mota ba. Baya ta hau, da kayanta masu kyau, ta zauna ta rungume kwabarta kamar wani zai ƙwace. Motar na tashi ta ɗago murya yadda duk lungu zai ji, mijin ma ya ji: "Ba na gaya maka ba?"

Gargaɗi

To, ɗan nan, na fita haƙƙinka. Mataki bakwai na farko tabbatattu ne, an gwada su a gabana. Biyun ƙarshe kuwa ko gwanin ya kasa, don haka in kana da 'ya, ko uwa, ko wani mai faɗin "zai yi min" a bayan idonka, alkawarina bai hau kanka ba.

Duk wanda ya bi shawarar nan gadonsa ya maƙale, ko amaryar firjinsa ta kwana a titi, ko ya wayi gari da guduma yana rushe abin da ya gina, kada ya hawo min matakala. Ni labari na bayar, ban riƙe wa kowa ƙusa ba.

Na kuma ji an ce 'yan ƙungiya sun fara bi ƙofa-ƙofa da tef ɗin awo. In sun iso tawa suka tarar da kujera da tukwanen furanni shida a waje, a gaya musu tsohuwa ba ta nan. In sun ce ga ta can a taga, a ce musu likita ne ya ce ta riƙa shan iska, su je su auna shi.